Fara a Idon Kanmu: Katangun Zuciya da Ke Hana Mu Kama Sana'a



Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da rani, ya leƙa fadamar Rima, ya san ƙasar nan Allah ya sa mata albarka. Shinkafa kore shar har iyakar ganin ido, ƙarar injinan ban ruwa daga safe har dare, manyan motoci suna lodi zuwa Legas da Kano. Amma idan aka tashi sujada ranar Lahadi, muka buɗe takardun roƙon addu'a da matasanmu suka rubuta, yawancinsu magana ɗaya suke yi: a yi mini addu'a in sami aikin gwamnati. Wasu sun gama bautar ƙasa shekara huɗu ko biyar da suka wuce, har yanzu uwa ce take ba su kuɗin kati.

Mun san akwai abubuwan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya: tsadar mai, ambaliya, rashin tsaro a wasu sassan jiharmu, da wahalar samun rance. Ba za mu yi kamar babu su ba. Amma akwai waɗansu katangu da aka gina a cikin zuciya, waɗanda suke tsayar da mutum tun kafin ya kai ga waɗancan. Su muke so mu duba da hasken Maganar Allah, domin Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 12:2 cewa sākewar rayuwa tana farawa ne daga sabunta tunani.

Mutum goma sha biyu, ƙasa ɗaya, rahoto biyu

A Littafin Ƙidaya sura 13, Musa ya aiki shugabanni goma sha biyu su leƙo ƙasar Kan'ana. Sun yi kwana arba'in suna zagawa. Sun dawo da rumman da ɓaure, da nonon inabi guda wanda sai da mutum biyu suka rataya shi a sanda. Dukansu sun yarda ƙasar tana da kyau. Dukansu kuma sun ga birane masu ganuwa da ƙattin mutane. Kalibu da Joshuwa ba su ce ƙattin ƙarya ne ba.

Inda hanya ta rabu shi ne ƙarshen surar. Mutum goman suka ce da suka dubi kansu sai suka ga kansu kamar fara, suka kuma ƙara da cewa haka mutanen ƙasar suka gan su. Mu lura da jerin maganar. Sun fara raina kansu, sa'an nan suka ɗora wa waɗansu wannan rainin. Wa suka tambaya? Ba kowa. Bayan shekara arba'in, Rahab ta faɗa wa 'yan leƙen asirin Joshuwa gaskiyar abin: tun da mutanen ƙasar suka ji labarin Bahar Maliya zukatansu suka narke don tsoro (Joshuwa 2:9-11). Ashe waɗanda ake tsoro su ma a tsorace suke. Tsara guda ta ƙare a jeji saboda zaton da ba a bincika ba.

Abin da ya bambanta Kalibu shi ne, da ya yi lissafi ya sa Allah a cikin lissafin, ya kuma sa ƙattin. Mutum goman ƙattin kaɗai suka ƙidaya. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙe har ƙarshen wannan koyarwa.

Inabin da ke cikin kwarinmu

Kafin mu shiga katangun, bari mu yi namu leƙen asirin. A ranar 17 ga Nuwamba 2015, a nan Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance, wato Anchor Borrowers, kuma da noman shinkafar rani aka fara. A Disamba 2016 shinkafar LAKE Rice, wadda jihohin Legas da Kebbi suka haɗa hannu a kanta, ta shiga kasuwar Legas. A Agusta 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara. A Birnin Kebbi kuma ga kamfanin Labana. Albasar Aliero ta yi suna har ƙetaren iyaka. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Ba kowa ne zai mallaki gona a fadama ba, kuma ba sai ya mallaka ba. Tsakanin gona da tukunya akwai hannuwa da yawa, kowane hannu kuma yana cin abinci: mai sayar da iri da taki, mai haƙa rijiyar ban ruwa, makanikin inji, mai yanka da bugu, mai turara shinkafa, mai injin casa, mai ɗinka buhu, ɗan dako, direba, mai awo a kasuwa, da mai dafawa a tasha. Idan aka cashe samfarera kilo 100, akan sami tsabar shinkafa wajen kilo 60 zuwa 65. Sauran ma ba shara ba ce: dusar abincin kaji da dabbobi ce, buntun kuma ana hura wuta da shi ko a shimfiɗa wa kaji. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, manoma da yawa suna komawa ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kowane inji kuwa yana bukatar wanda ya iya haɗa shi da gyara shi. Wannan aiki ne da ya dace da yaron da ya karanta lantarki a Kwalejin Waziri Umaru.

To, me ya hana mu?

Katanga ta farko: "Ni mai takarda ne"

Wannan katanga tana da tarihi, ya kamata mu fahimce ta ba tare da zargin iyayenmu ba. Makarantun mishan sun fitar da malamai, da ma'aikatan jinya, da akawu. Daga ƙasar Zuru mutane da yawa suka shiga soja da aikin ɗan sanda. Albashi ne ya gina gidajenmu na kwano na farko, shi ya biya kuɗin makaranta, shi ya gina majami'u da dama. Sannu a hankali sai albashi ya zama ma'aunin albarka a idonmu. Idan yaro ya sami aikin ofis akan zo da shaida da baikon godiya. Idan ya buɗe shagon walda sai a ce yana ɗan taɓawa ne kafin Allah ya buɗe hanya.

Zamani ya juya. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Waziri Umaru, duk shekara suna yaye dubban ɗalibai. Sakatariyar jiha da ƙananan hukumomi 21 ba za su iya ɗaukar su duka ba, ko wane ne yake mulki.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan rainin aikin hannu ba. Mutumin farko da aka ce Allah ya cika shi da Ruhunsa domin wani aiki, wato Bezalel, maƙeri ne kuma masassaƙi (Fitowa 31:1-5). Ubangijinmu Yesu an san shi da sassaƙa a Nazarat kafin a san shi da wa'azi (Markus 6:3). Bulus, wanda ya yi karatu a gaban Gamaliyel, ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin tanti (Ayyukan Manzanni 18:1-3). Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya, a gidanta kuma masu bi na Filibi suka riƙa taruwa. Ɗan'uwa, karatunka bai lalace ba don ka sa rigar aiki. Shi ne zai sa ka iya rubuta lissafi, ka karanta takardar magani kafin ka fesa, ka yi wa sana'arka rajista a hukumar CAC. Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa, sun kuma ce zafin nema ba ya kawo samu. Duka biyun gaskiya ne, amma zaman jira ma ba ya kawo shi.

Katanga ta biyu: "Ba ni da jari"

A 2 Sarakuna 4:1-7 wata gwauruwa, matar ɗaya daga cikin annabawa, ta zo wurin Elisha. Mijinta ya mutu da bashi, mai bashin kuma yana zuwa ya ɗauki 'ya'yanta biyu. Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Amsarta ta fara da cewa ba ta da kome, sai daga baya ta tuna da ɗan mai a tulu. Yawancinmu a nan muke tsayawa, a rabin farko na amsar.

Mu dubi yadda abin ya gudana. Ta ari tuluna daga maƙwabta, abin da ke nuna tana zaman lafiya da su, sun kuma yarda da ita. 'Ya'yanta ne suka riƙa miƙo mata tulunan, wato gida duka ya shiga aikin. Da man ya tsaya, annabin ya ce ta je ta sayar, ta biya bashinta, sa'an nan ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. Mu'ujiza ce, amma ta bi ta hanyar kasuwa, kuma biyan bashi ya riga ci.

Jari ya fi kuɗi faɗi. Iya aiki jari ne, haka ma suna mai kyau, da bayan gida da zai ɗauki kaji hamsin, da wayar da ke hannunka. Kajin nama sukan kai sayarwa cikin mako shida zuwa takwas. Wanda ya sa 'yan tsaki a farkon Nuwamba, ya yi musu rigakafi a kan lokaci, zai tarar da kasuwar Kirsimati. Tarwaɗa tana kai girman sayarwa cikin wata huɗu zuwa shida, sai dai abincinta yakan cinye fiye da rabin kuɗin kiwon, don haka kada a zuba kifi dubu idan kuɗin abincin ɗari biyu ake da shi. 'Yar'uwar da ta iya turara shinkafa da kyau, ta jiƙa ta kwana, ta turara, ta shanya a wuri mai tsabta, ta tsince tsakuwa, tana iya farawa da buhu ɗaya. Shinkafar da aka turara aka shanya daidai ba ta cika karyewa a inji ba, wadda ba ta da tsakuwa kuwa ita da kanta take kiran mai saye.

Akwai wanda yake cewa sai ya sami miliyan biyu zai fara. Idan ka bincika, girman kai ne ya sa rigar haƙuri. Wanda bai iya riƙe dubu hamsin ba, miliyan biyu za ta ƙara masa girman asara ne kawai. Da rarrafe yaro kan tashi.

Katanga ta uku: "Ba za su saya a wurinmu ba"

Wannan ita ce maganar fara a bakinmu na yau. A Birnin Kebbi da Argungu masu bi ba su da rinjaye, wasunmu kuma aiki ne ya kawo iyayensu daga Zuru, ko Yawuri, ko Kudancin Kaduna, ko Filato. Akwai waɗanda suka gamu da wariya wajen neman fili ko rumfar kasuwa, kuma zafin abin na gaske ne. Amma daga "an taɓa hana ni" zuwa "ba wanda zai saya a wurina" akwai tazara mai nisa, kuma sau da yawa mukan tsallaka ta ba tare da mun gwada ba.

Mu dubi 'yan'uwanmu Igbo da suke sayar da kayan gyaran mota da magani da kayan gini a garuruwan nan shekara da shekaru. Su wa suke saye a wurinsu? Manomin da injinsa ya tsaya, shinkafarsa tana bushewa, makanikin da zai zo yau yake nema, wanda ba zai sa masa tsohon ƙarfe ya ce sabo ne ba. Uwar gida tana neman kwanon da ya cika. Misalai 11:1 ta nuna mana cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba, yana kuma jin daɗin ma'auni na gaskiya. Kwanon da ba a bubbuga gindinsa ba wa'azi ne da kowa yake ji, ko wanda ba zai taɓa shiga majami'a ba.

Ko waɗanda aka kai bauta Babila, Allah ya ce musu ta bakin Irmiya su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa (Irmiya 29:4-7). Balle mu da muke cikin ƙasarmu. Garin Argungu kansa shaida ne cewa tsohuwar gaba tana ƙarewa: bikin kamun kifin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, bayan dogon zamanin yaƙi tsakanin Kabawa da Sakkwato. Muna kuma da abin koyo a wurin maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da yawansu suke zaunar da yaro a rumfa tun yana ƙarami, har ya san ciniki kafin ya yi gemu. Mu gaishe su, mu je musu biki da ta'aziyya, mu tambaye su abin da ba mu sani ba. Matambayi ba ya ɓata.

Katanga ta huɗu: tsoro, da ƙaninsa ganganci

A misalin talanti (Matiyu 25:14-30), bawan da ya binne kuɗin bai saci ko kwabo ba. Da bakinsa ya faɗi dalilinsa: tsoro, wanda ya fito daga mugun zaton da yake yi wa maigidansa. Wasunmu ma haka muke ɗaukar Allah, kamar mai jiran mu yi kuskure ya hukunta mu. Sai mu binne baiwarmu, mu ce muna jiran lokacin Ubangiji.

Asara gaskiya ce. Ambaliyar damina ta 2020 ta shanye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a jihar nan, mutane da yawa suka rasa abin da suka zuba. Da ruwa ya janye, manoman suka koma fadama suka yi noman rani. Mai-Wa'azi 11:1-6 ta san wannan duniyar. Ta gargaɗi mai yawan duban iska da gajimare cewa ba zai shuka ba balle ya girbe, ta kuma ba da shawara a rarraba hannun jari domin ba a san masifar da za ta zo ba. Maganin tsoron asara ke nan: fara da abin da idan ya ɓace gida ba zai rushe ba, kada ka sa kuɗin makarantar yara, kada kuma ka zuba kome a wuri ɗaya.

Sai dai labarin 'yan leƙen asirin bai ƙare da tsoro ba. A ƙarshen sura 14, da jama'a suka ji hukunci, sai suka yi sammako suka hau dutse za su yi yaƙi. Musa ya hana su, akwatin alkawari bai bi su ba, aka kuwa fatattake su har Horma. Jiya sun ƙidaya ƙatti sun manta da Allah. Yau sun kama sunan Allah sun ƙi jin gargaɗi.

Wannan gangancin yana nan a cikinmu. Mutum ya ji wa'azi mai zafi, ya ajiye aikinsa, ya sayar da fili, ya shiga kasuwancin da bai taɓa koya ba. Wani ya kai kuɗinsa inda aka yi masa alkawarin riba kashi talatin cikin ɗari a wata, kamar yadda MMM ta yi kafin ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Da yawa a cikin majami'a aka ja su, da sunan "buɗi". Ubangiji Yesu ya ce mai niyyar gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci, don kada ya tsaya a harsashi ya zama abin dariya (Luka 14:28-30). Zama da biro da takarda ba rashin bangaskiya ba ne, umarni ne. Kafin ka fara, ka amsa waɗannan: wa zai saya, nawa zai biya, nawa abin zai ci mini har ya kai hannunsa, wa ya riga ni a wannan sana'a da zan zauna a ƙarƙashinsa wata shida?

Katanga ta biyar: kunya da bashi

Sana'o'i da yawa a cikinmu ba kasuwa ce ta kashe su ba. Sun mutu ne a hannun 'yan'uwa. Bari mu yi lissafi da ƙirƙirarren farashi don misali. A ce 'yar'uwa ta sayi samfarera kilo 100 a kan naira 40,000. Itace da ruwa 2,000, inji 2,500, mota da dako 1,500. Jimla 46,000. Ta sami tsaba kilo 62, ta sayar kowane kilo 850, ya kama 52,700. Ribarta 6,700. Yanzu a ce wata daga zumunta ta karɓi kilo huɗu "sai ƙarshen wata", ƙanin miji ma ya karɓi huɗu, ba wanda ya biya. Kilo takwas ɗin 6,800 ne. Wahalar kwana uku a bakin wuta ta tafi, har an taɓa uwar kuɗi. Idan ba ta rubutawa ba za ta gane ba. Za ta ga dai jari yana ƙanƙancewa, ta fara zargin maƙiya.

Kyauta aba ce mai kyau, Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai. Amma a ba da ita daga riba, da sani, a kira ta kyauta. Raba aljihun gida da na sana'a. Yanka wa kanka albashi, komin ƙanƙantarsa. Sami littafi ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana. Koyi cewa "yi haƙuri, kayan jari ne" da fara'a. Mu kuma masu karɓa, mu ji tsoron Allah. Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu, ba ta ware bashin ɗan'uwa a ikkilisiya ba.

Haka yake ga rancen hukuma. A shirin Anchor Borrowers an ba manoma iri da taki da magani da injin ban ruwa a kan ruwa kashi tara cikin ɗari, da sharaɗin su biya da amfanin gona. Wasu ambaliya ce ta hana su biya. Amma da yawa a faɗin ƙasar nan sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka ƙi biya, abin da ya raunana shirin ya kuma toshe hanyar na baya. Tunanin cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne katanga ce shi ma, domin wanda ya saba da shi ba zai iya riƙe amanar abokin ciniki ba. Mai bi ya ci bashi da niyyar biya, ko na banki ne ko na maƙwabci.

Aikin da ya rataya a wuyan ikkilisiya

Rahoton mutum goma ne ya sa jama'a duka suka kwana suna kuka. Tsoro yana yaɗuwa a cikin taro, ƙarfin hali ma haka. Saboda haka wannan magana ba ta mutum ɗaya ba ce.

Da fari, mu gyara bakinmu. Mu yi wa tela da makaniki da mai suyar ƙosai addu'ar keɓewa kamar yadda muke yi wa wanda ya sami ƙarin girma a ofis. Iyaye, kada mu hana 'yarmu saurayi mai sana'a da tsoron Allah don kawai ba shi da lambar albashi.

Na biyu, dattawa masu sana'a su ɗauki yara. Kowace majami'a tana da kafinta, da birkila, da mai ɗinki, da tsohon malamin gona da ya yi ritaya da ilimi cike da kansa. Zumuntar matasa ta rubuta sunayensu, ta haɗa kowa da mai koyo, a yi yarjejeniya a gaban dattawan ikkilisiya.

Na uku, mu tara namu. Akwai misali daga maƙwabtanmu na Nijar. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara, daga can kuma ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mutum 15 zuwa 30 ne suke haɗuwa duk mako, kowa ya zuba abin da aka amince. Kuɗin yana cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mamba yana iya rancen da bai wuce ninki uku na ajiyarsa ba, ya biya cikin 'yan watanni. Bayan kamar shekara guda a raba kuɗin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ya ɗara adashe domin mutum yana samun rance lokacin da yake bukata, ba sai kwasarsa ta zagayo ba. Zumuntar mata za ta iya wannan. Shawararmu ita ce kada fasto ya riƙe akwatin ko makulli, kada kuma a haɗa kuɗin da baitulmalin ikkilisiya, don a tsare sunan Ubangiji daga zargi.

Ina muka nufa da wannan duka?

Ba muna cewa duk mai bangaskiya zai zama attajiri ba. Akwai amintattun bayin Allah da suka yi aiki tuƙuru suka mutu ba su tara kome ba, ladansu kuwa yana wurin Ubangiji. Bulus ya gargaɗi Timoti a kan masu ɗokin yin arziki da tarkon da suke faɗawa (1 Timoti 6:6-10). Kuma ba kowa aka kira ga kasuwanci ba. Muna bukatar malamai da ma'aikatan asibiti masu aminci. Manufar aiki tana cikin Afisawa 4:28: mutum ya yi aikin kirki da hannunsa har ya sami abin da zai taimaki mai bukata. Wanda ya ciyar da gidansa da halal, ya biya bashinsa, ya koya wa yaro ɗaya sana'a, ya tallafi gwauruwa, ya yi nasara ko da shagonsa bai wuce ɗaki ɗaya ba.

Kalibu yana da shekara arba'in aka aike shi leƙen asiri. Yana da tamanin da biyar ya tsaya a gaban Joshuwa ya roƙi ƙasar tuddai ta Hebron, wurin da ƙattin nan suke (Joshuwa 14:6-14). Saboda haka baba mai ritaya, da mama gwauruwa, maganar nan taku ce kamar yadda take ta matasa.

A wannan mako, kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abu uku: abin da ya iya ko yake da shi a gida, abin da mutanen unguwarsa suke tafiya nesa kafin su samu, da sunan mutum ɗaya da ya riga shi a wannan hanya. Ka yi addu'a a kan takardar, sa'an nan ka je ka gai da mutumin kafin Lahadi mai zuwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka ba mu ƙasa mai ruwa da hannuwa masu ƙarfi. Ka gafarta mana inda muka raina abin da ka ba mu, da inda muka kira tsoro haƙuri, muka kira ganganci bangaskiya. Ka koya mana lissafi da gaskiya, ka tsare ma'auninmu, ka ba mu tagomashi a wurin maƙwabtanmu. Ka tuna da waɗanda ruwa ko 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, ka mayar musu. Ka sa aikin hannuwanmu ya zama abinci ga gidajenmu da taimako ga mabukata. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.